Zaman Sauraron Mai Damuwa: Jagora Kan Tafarkin Carl Rogers

Wannan jagora ta ma'aikaciyar jinya ce, da malamin da aka ba ofishin ba da shawara a makaranta, da jami'in jin daɗin jama'a, da duk wanda aikinsa ya sa mutane ke zuwa su zauna gabansa da abin da ya dame su. Ba ta maye gurbin horo a hannun ƙwararru, amma za ta nuna yadda zaman yake tafiya daga sallama har zuwa ban kwana, da wuraren da aka fi yin tuntuɓe.

Tafarkin na Carl Rogers ne (1902–1987), masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka. Ya yi shekara 12 yana aiki da yara masu matsala, da kuma iyayensu, a garin Rochester, inda ya lura cewa shawarar da ƙwararre ya yanke wa mutum, komai kyawunta, ba ta cika kama ƙasa ba. Da ya koma jami'a a 1940 sai shi da ɗalibansa suka fara naɗar zaman a faifai, su rubuta shi kalma-kalma, su duba wace magana ta mai ba da shawara ce ta buɗe bakin mutum, wace ce kuma ta rufe shi. A 1945 ya kafa cibiyar ba da shawara a Jami'ar Shikago, a 1951 ya fitar da littafin da ya shimfiɗa tafarkin. Tushensa dai abin da Bahaushe ya riga ya sani ne: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya zo shi ya san abin da ke ci masa rai da inda ya kamata a fara, kuma idan ya sami wurin da ba a hukunta shi, yakan lalubo hanyarsa da kansa.

A 1957 Rogers ya lissafa sharuɗɗa 6 da ya ce idan sun cika canji zai samu. Biyu na farko shimfiɗa ce: a sami alaƙa ta gaske tsakanin mutum biyu, kuma ɗayansu yana cikin ruɗu tsakanin yadda yake ɗaukar kansa da abin da yake ji a zahiri. Uku na tsakiya su ne aikinka: ka zama mai gaskiya, cikinka da wajenka ɗaya, ka karɓi mutumin ba tare da gindaya masa sharaɗi ba, ka fahimci duniyarsa kamar yadda shi yake ganinta. Na shida shi aka fi mantawa: dole mutumin ya ji, ko da kaɗan ne, cewa an karɓe shi kuma an fahimce shi. Fahimtar da ta tsaya a zuciyarka ba ta isa gare shi ba, ba ta yi aiki ba.

Mataki na 1: Shirya wuri da lokaci

Kujera biyu masu tsayi ɗaya, babu tebur a tsakani. Kada su fuskanci juna kai tsaye. A ɗan karkata su yadda mutum zai iya kawar da ido ba tare da ya juya kai ba. Tazarar kamar mita ɗaya da rabi ta wadatar. Idan dattijuwa ta fi son tabarma, kai ma ka sauko. A ajiye ruwan sha da abin share hawaye inda hannunta zai kai da kanta, da agogo inda za ka gani ba sai ka ɗaga hannu ba. Waya a kashe ta, ba a kife ta kawai ba.

Kafin ka fara karɓar mutane a ɗakin, ka sa wani ya yi magana a ciki, kai ka tsaya a bakin ƙofa da jikin taga ka ji ko murya na fita. Ɗakunan asibitoci da makarantu da yawa labule ne ko katako ya raba su, kuma mutum yana shiga yake gane haka, sai ya ba ka labarin da ya yarda kowa ya ji.

Zama minti 50 ne, sau ɗaya a mako, rana ɗaya da lokaci ɗaya in da hali. Ka kauce wa lokacin da kiran salla zai yanke shi. Idan mace ce kuma kai namiji ne, ka fara tambayarta ko ta fi son mace 'yar'uwarta. Idan babu, a bar ƙofa a ɗan buɗe, wanda ya rako ta ya zauna inda zai hango amma ba zai ji ba. Batun ɗan rakiya yana buƙatar dabara: miji ko uwa ko yaya kan shigo su fara bayani a madadin mai damuwar. Ka gaishe su da girmamawa, ka saurare su minti biyar, sannan ka ce, “Alhaji, na gode da ka kawo ta. Ƙa'idar aikinmu ita ce mu ɗan zauna da ita ita kaɗai, in mun gama zan neme ka.” Idan ka danganta abin ga ƙa'ida, ba wanda zai ji an tsarge shi.

Mataki na 2: Gaisuwa da yarjejeniya

Kada ka tsallake gaisuwa don cin lokaci, kuma kada ka ɗauki “lafiya lau” a matsayin rahoto. Ka kira mutum da abin da ya dace da shekarunsa da matsayinsa: Baba, Hajiya, Malam, Malama, ko sunan da ya ce a kira shi da shi.

Bayan nan, cikin minti biyar, ka shimfiɗa yadda abin zai kasance: tsawon zama, zama nawa (shida a farko, sannan a sake dubawa, tsari ne mai kyau), kuɗi idan akwai, da batun sirri. Sirrin nan a faɗe shi da iyakarsa tun yanzu. Misali: “Duk abin da kika faɗa a nan amana ne, ba mijinki ba, ba iyayenki ba, babu mai ji daga bakina. Sai a abu uku: in na ga ranki yana cikin haɗari, ko ran wani, ko ana cutar da yaro. Ko a nan ma ke zan fara gaya wa kafin in yi komai.” Wanda bai faɗi wannan a zaman farko ba, ranar da dole ta sa ya kira wani, za a ɗauke shi maci amana, kuma da gaskiyar mai ɗaukar. A ƙaramin gari ku kuma yi shawarar yadda za ku yi in kun haɗu a biki ko kasuwa. Mafi sauƙi shi ne ka bar shi ya fara gaishe ka in ya so.

Sai ka faɗi irin aikin: “Ni ba zan yanke miki abin da za ki yi ba. Zan saurare ki sosai, mu duba abin tare.”

Mataki na 3: Bari shi ya zaɓi ƙofar shiga

“Daga ina kake so mu fara?” ta isa. Da yawa za su fara da jiki: ciwon kai, rashin barci, faɗuwar gaba, zafi a ƙirji, wani abu da ke yawo a jiki. Kada ka ce musu “ai tunani ne kawai”. Ciwon na gaske ne, kuma sau da yawa ita ce hanyar da kunya ta bari a buɗe. Ka bi ta nan: yaushe ya fi tsanani, me ke zuwa zuciya in barci ya ƙi. A gefe guda ka tabbata likita ya duba shi, domin ƙarancin jini, ciwon suga, hawan jini da matsalar maƙoƙo duk suna iya zuwa da kasala ko bugun zuciya.

Mataki na 4: Saurara, ka mayar masa da abin da ka ji

Nan ne aikin yake, nan kuma aka fi kuskure. A ce magidanci ne ya ce:

“Malam, wata uku ke nan kullum da safe sai in saka kaya in fita kamar mai zuwa aiki. In je tasha in zauna har la'asar. Maiɗakina ba ta san an sallame ni ba.”

Amsoshi uku ne ke rige-rigen fita daga bakin mai sauraro. Akwai nasiha: “Ai gara ka gaya mata.” Akwai lallashi: “Kada ka damu, Allah zai kawo wani.” Akwai bincike: “Me ya sa suka sallame ka?” Dukansu da kyakkyawar niyya ake yinsu, kuma dukansu suna ɗauke mutumin daga inda yake. Nasihar ya riga ya yi wa kansa ita sau ɗari a tasha. Lallashin yana gaya masa cewa a bar maganar haka. Binciken ya mayar da zaman kan abin da kai kake son sani. Amsar da ke bin sa ita ce irin wannan:

“Wato kullum kai kaɗai kake ɗauke da abin nan, ko a cikin gidanka ba ka da inda za ka sauke shi.”

“Ba nauyin ba ne ma. Yaran ne. In na shigo suka taso da gudu suna oyoyo...”

“Oyoyon nan shi ya fi yi maka ciwo, kamar kana jin ba ka cancance shi ba. Haka ne, ko na kauce?”

“Haka ne. Wallahi ji nake kamar ɓarawo a gidana.”

Lura da abin da ya faru. Amsar farko ba ta dace daidai ba, mutumin ya gyara ta, gyaran kuma ya kai shi inda bai taɓa furtawa ba. Kuskuren da aka yi cikin neman fahimta ba ya ɓata zama, muddin ka bar ƙofar gyara a buɗe. Rogers da kansa, a ƙarshen rayuwarsa, ya koka cewa an mayar da wannan aiki dabarar maimaita maganar mutum. Ya ce shi abin da yake yi gwada fahimtarsa ne, ya ji ko ta yi daidai da abin da ke zuciyar mai magana.

Ga abin da za ka riƙe wajen haɗa amsa. Ta zama gajera, jimla ɗaya ko biyu. Ta haɗa abin da yake ji da abin da ya jawo shi. Ta yi amfani da kalmominsa: in ya ce “ɓarawo”, kada ka sauya masa da “mai jin laifi”, domin kalmarsa ta fi taka zafi kuma ta fi gaskiya. Ta zo da sassauci: “kamar dai”, “in na fahimce ka”, “ko ba haka ba?” Ta kuma tsaya kusa da gefen abin da ya faɗa. Idan ka maimaita maganarsa kawai, zai ji kamar ana kwaikwayonsa. Idan ka yi tsalle ka ce “wannan daga yadda mahaifinka ya rene ka ne”, ko da ka canka daidai, ka karɓe masa aikinsa, kuma daga nan zai zauna yana jiran ka ci gaba da fassara masa kansa.

Shiru yana tsorata sababbin masu wannan aiki fiye da kuka. Idan mutum ya yi shiru, ka ƙirga goma a zuci kafin ka buɗe baki, ka duba wane irin shiru ne. In idonsa ya tsaya wuri ɗaya, yana lalube a ciki, ka ƙyale shi ko da minti biyu ne. In yana satar kallonka yana murza hannu, ya rasa yadda zai ci gaba ne, sai ka ce, “Da alama maganar nan tana da wuyar fita. Ba sauri muke ba.” Sunkuyar da kai kuwa a wurinmu ladabi ne, musamman daga yaro ko mace zuwa ga babba, kada ka rubuta shi a matsayin ɓoye-ɓoye, kai ma kada ka kafe mutum da ido.

Kunya tana da hanyoyinta na magana, ka bi su. Mace ba za ta ambaci sunan miji ko na ɗan fari ba, kada ka matsa. Wata za ta ce “wata ƙawata ce abin ya faru da ita”. Ku tattauna kan ƙawar, za ta cire labulen ranar da ta shirya. Tambayoyi a rage su, musamman “me ya sa”, wadda a kunnen mai damuwa tuhuma ce. “Yaya abin yake a wurinki?” ta fi ta.

Idan kuka ya zo, kada ka yi gaggawar cewa “yi haƙuri, daina kuka”. Wanda ya iso gabanka an riga an ba shi haƙuri a gida da masallaci da wurin aiki, kuma ya yi. Haƙuri abu ne mai daraja, amma a wannan ɗaki, in ya fito daga bakinka da wuri, ma'anarsa “ya isa”. Ka yi shiru, ka zauna tare da shi, in ya lafa ka ce, “An daɗe ana riƙe da wannan.”

Haka batun addini. Idan ya kawo ƙaddara ko addu'a, ka shiga da shi, domin suna cikin duniyarsa: “In ka ce ka miƙa wa Allah, yaya zuciyarka take zama bayan nan?” Wani zai ce sanyi yake ji, wani zai ce tsoro yake ji kada rashin barcinsa ya zama raunin imani, kuma wannan tsoron shi ne abin dubawa. Kada ka yi wa'azi, kada ka yi gardama. Wanda ya ce sammu aka yi masa ko aljanu ne, ka tambaye shi abin da yake gani da abin da yake ji, kana kuma lura da alamomin da za su zo a mataki na 8.

Mataki na 5: Karɓa ba tare da sharaɗi ba

Rogers ya yi bayanin cewa tun muna yara muke koyon sharuɗɗan da ake son mu a kansu: yaron kirki ba ya fushi da iyaye, namiji ba ya kuka, macen arziki ba ta ƙorafi. Sai mutum ya binne duk abin da ya saɓa wa waɗannan, har ya daina gane cewa yana jin sa. Abin da aka binne kuwa ba ya mutuwa, yakan dawo a matsayin fargaba, ƙunci ko ciwon jiki. Shi ya sa sai an sami wanda zai ji abin bai ja da baya ba, kafin mai shi ya iya kallonsa.

A ce matashiya ce ta yi ƙasa da murya ta ce, “Malama, wani lokaci ji nake na tsani Innata. Astagfirullah.” A daidai wannan daƙiƙa fuskarka take karantawa. Ɗaga gira kaɗan, ko “subhanallah” da ya suɓuce, ya isa ta mayar da maganar ciki na wasu shekaru. Amsar da ta dace: “Akwai fushi mai yawa a kanta, kuma jin sa ma kaɗai yana tsorata ki.” Ba ka ce ta yi daidai ba, ba ka ce ta yi laifi ba. Abin da aka saba gani shi ne, in fushin ya sami wurin fita, ƙaunar da ke ƙarƙashinsa ita ma takan fito da kanta.

Karɓar mutum daban, amincewa da aikinsa daban. Wanda ya ce yana dukan matarsa za ka iya sauraron tsoro da wulaƙancin da ke tunzura shi, ba tare da ka nuna dukan ba komai ba ne. Wani abin da ba a cika lura da shi ba: yabo ma hukunci ne. In ka ce “madalla, kin kyauta da kika koma gidan”, ka sanar da ita amsar da ke faranta maka, mako mai zuwa ba za ta gaya maka ta yi nadama ba.

Idan ka ga akwai wanda ka kasa karɓa, saboda abin da ya aikata ko don labarinsa ya taɓo naka, kada ka yi ta murmushin dole. Ka kai batun ga mai duba aikinka, wato ƙwararren da kake tattauna aikinka da shi, in bai warware ba ka miƙa shi ga wani cikin mutunci.

Mataki na 6: Gaskiyarka

Mai damuwa yana saurin gane fuskar aro. In hankalinka ya tafi, ka ce, “Yi haƙuri, na rasa zaren, maimaita mini daga inda kika ce ya fita.” Abin da kake ji a zaman kuwa ba kowanne ake furtawa ba. Ka auna shi da tambaya uku: ya daɗe yana dawowa? Daga abin da ke tsakaninku ya taso, ko daga gidanka ka zo da shi? Zai amfane shi? In duka sun amsu, ka faɗa a matsayin naka: “Na lura kina ba da labarin nan kina dariya, ni kuwa sai na ji ƙirjina ya yi nauyi.” Wannan ba lasisin ba da tarihinka ba ne. “Ni ma haka ta taɓa faruwa da ni” takan juya zaman, mai damuwa ya koma yana tausaya maka.

Mataki na 7: “Ka faɗa mini abin da zan yi”

Za a faɗa maka wannan, sau da yawa tun a zaman farko, domin mun saba in an je wurin babba ko malami a dawo da magana. Yin shiru ko mayar da tambayar kamar ba ka ji ba wulaƙanci ne. Ka raba abu biyu: bayani da hukunci. Bayani haƙƙinsa ne, ka ba shi cikakke: inda asibiti yake, abin da magani ke yi, ofishin da ake kai ƙara. Hukunci kuwa, kamar ta zauna ko ta fita, ya gaya wa matarsa ko ya jira, nasa ne, don shi zai kwana da sakamakon.

Kana iya cewa, “Baba, na ji yadda ka gaji har kana so wani ya ɗauke maka zaɓin nan. In na zaɓa maka, da abin da na sani zan zaɓa, kai kuwa ka fi ni sanin gidanka. Mu ɗauki hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, ka gaya mini yadda kowacce take zauna maka a rai.” In ya nace sai ya ji ra'ayinka, ɓoye shi ma rashin gaskiya ne, ka faɗa a taƙaice, ka ce ganinka ne kawai, ka tambaye shi yadda ya ji shi.

Mataki na 8: Inda sauraro kaɗai bai isa ba

Duk wanda ya ce ya gaji da rayuwa, ko “gara in huta”, ko ya fara rabar da kayansa yana neman gafara ba dalili, ka tambaye shi kai tsaye: “Kana tunanin kashe kanka?” Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, wanda yake da shi kuwa yakan ji sauƙi an tambaya. In ya ce e, ka ci gaba cikin natsuwa: ya tsara yadda zai yi? Abin yana hannunsa? Ya sa lokaci? Ya taɓa gwadawa? In akwai tsari da abin aikatawa, kada a bar shi shi kaɗai. Ku zaɓi wanda ya yarda da shi a kira, a kawar da fiya-fiya, maganin ɓera, tarin ƙwayoyi da makami daga gidan, a kai shi asibiti a ranar. Wannan shi ne abin da ka faɗa masa tun a mataki na 2.

A tura wa likita ba tare da jinkiri ba idan mutum yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya kafe kan ana bin sa za a kashe shi. Idan ya yi kwanaki ba barci amma ƙarfi na ƙaruwa, surutu da ɓarnar kuɗi sun yi yawa. Idan mai jego ce ta rikice a makonnin farko bayan haihuwa. Idan ruɗewa ta zo da zazzaɓi, faɗuwa ko buguwa a kai. Idan ya daina ci da sha. Ko idan mai shaye-shaye ne da jikinsa ke rawa in ya daina. Rogers da abokan aikinsa sun gwada tafarkin a kan masu taɓin hankali mai tsanani a wani asibitin jihar Wisconsin daga ƙarshen shekarun 1950, sakamakon bai kai yadda suka sa rai ba. Irin waɗannan magani suke buƙata, sauraro ya zama rakiya. Haka wanda firgicin harin da ya gani ke dawo masa a mafarki da farke: akwai hanyoyin jinya da aka tsara musamman don wannan, ka haɗa shi da masu su. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri, da sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, su ne wuraren turawa. Ka san lambar wani a can tun kafin ranar buƙata.

Takardar PHQ-9 tana taimakawa wajen auna ciwon damuwa: tambayoyi 9 kan makonni biyun da suka wuce, kowacce maki 0 zuwa 3, jimla 27. Maki 10 zuwa sama na nuna a ƙara dubawa, 20 zuwa sama mai tsanani ne, tambaya ta 9 kuma, wadda ta shafi tunanin mutuwa, ko maki 1 aka samu sai an tattauna ta. Ku cika ta tare, ka nuna masa sakamakon, kada ta zama jarrabawa.

Mataki na 9: Rufe zama, da rufe aikin

Saura minti goma ka sanar: “Lokacinmu ya kusa.” Kada ka buɗe sabon babi a nan. Mutane da yawa sai sun miƙe, hannu a ƙofa, suke sakin babbar maganar. In ba ta haɗari ba ce, ka ce, “Wannan magana ce mai nauyi, ba na so mu yi mata gaggawa. Da ita za mu fara in kin so.” In ta haɗari ce, a koma a zauna.

Kafin ya fita ka gwada sharaɗi na shida: “Yau akwai inda ka ji ban fahimce ka ba?” Kara za ta sa ya ce babu, don haka ka sauƙaƙa masa: “Wace magana tawa ce ta fi kaucewa?” Rubutu bayan ya tafi ake yi, layi biyar zuwa goma, da lamba a madadin suna, a kulle a durowa. Ka rubuta abin da ba za ka ji kunya ba in shi ya karanta.

Ci gaba a wannan tafarki a harshen mutum ake jin sa. Wanda ya fara da “sun yi mini, sun ce mini” sai ya koma “na ji”, “dole in” ta fara zama “ina so in”, labarin bara ya koma abin da yake ji yanzu a kan kujerar, tambayar “me kake gani?” ta ragu. Wani lokaci mutum yakan fi jin zafi a zama na uku ko na huɗu, saboda abin da aka rufe ya buɗe. Ka gaya masa hakan na faruwa, amma ka sa ido. A zama na shida ku duba tare: a ci gaba, a tsaya, ko a nemi wata hanya. A Ingila, inda hukumar lafiya ta ƙasa ke ba da wani nau'in wannan jinya ga masu ciwon damuwa, ana iya kaiwa har zama 20. Idan an yi shida zuwa takwas babu motsi ko kaɗan, ko abin na ƙara muni, kada ka ɗora wa mutumin. A sake duba lamarin tare da likita. Ranar rabuwa a sa ta tun saura zama biyu ko uku, a yi maganar yadda rabuwar take masa, da inda zai nufa in abin ya dawo.

Kai ma kana buƙatar mai sauraronka. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta Birtaniya ta wajabta wa ƙwararrun mambobinta aƙalla awa ɗaya da rabi a wata tare da mai duba aiki. In babu ƙwararre kusa, ku haɗu ku uku ko huɗu duk mako biyu, ba tare da ambaton sunan kowa ba. In wanda kake gani ya ba da izini a rubuce, ka naɗi zama ɗaya, ka saurari minti goma daga tsakiyarsa da takarda a hannu: ka ƙirga tambayoyinka, ka ƙirga nasihohinka, ka duba wa ya fi magana, ka kuma lura da abin da ya faɗa nan take bayan kowace amsa taka, ko ya ƙara shiga ciki ko ya sauya zance. Da ka gama ka goge muryar.